Cimar Mai Jego Bayan Arba'in

Jikin macen da ke shayarwa yana haɗa nono kimanin mililita 750 zuwa 800 kowace rana a watanni 6 na farko, wato sama da kofi 3. Daga abin da ta ci, da abin da jikinta ya adana lokacin da take da juna biyu, ake tatso wannan nono. Masanan Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a rana a kan abin da ta saba ci. Idan tun asali ramammiya ce, ƙarin yakan kai 675. Furotin, sinadarin da ke gina tsoka, shi ma ana so ta ƙara giram 19 a rana. Lissafin ba shi da wuya in aka mai da shi cikin kwano: kofi ɗaya na madara, ayaba ɗaya, dafaffen ƙwai ɗaya da cikin tafin hannu na soyayyiyar gyaɗa sun cika kalori 500 ɗin, furotin ɗinsu ma ya ɗan haura abin da ake nema.

Idan abinci ya gaza, jariri ba shi ne ke fara ji ba. Yawan nono da furotin ɗinsa ba sa saurin raguwa, domin jiki yana kwasa daga tsoka da kitse da ƙashin uwa ya zuba a ciki. Mai shayarwa takan rasa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta a watannin shayarwa, ya dawo bayan yaye. Akwai kuma sinadaran da yawansu a nono yake bin abin da uwa ta ci kai tsaye, irin su bitamin A, bitamin B12 da aidin. Waɗannan in sun yi ƙaranci a tukunya, sun yi ƙaranci a bakin jariri. Shi ya sa ake ganin yaro ɓul-ɓul a bayan uwar da jiri ke ɗiba in ta miƙe tsaye. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Al'adar jego ta san wannan tun kafin a zo da ma'aunin kalori. Kwana 40 ana ɗauke wa mai jego daka da wanki da ɗaukar ruwa, ana dama mata kunu da sassafe, ana dafa mata ƙauri na ƙafafun sa, ga farfesun kaza, ga gasasshen nama da yajin jego mai citta da kanumfari da masoro da kimba. Idan haihuwar fari ce, gidan iyayenta take zuwa wanka, inda ba mai ƙirga mata loma. Yawancin wannan tsari abin yabo ne. Hutu da nama da abinci mai ɗumi su ne ainihin abin da jikin da ya zubar da jini yake nema.

Wurin da al'adar ta fi yin tuntuɓe shi ne kanwa. A shekarun 1970, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza aiki bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, kwanciya ta gagara. Sun danganta yawaitar ciwon da shan kunun kanwa mai yawa tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa dangin gishiri ce, tana ɗauke da sodiyam, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya kuma ta yi ta fama da lodin da ya fi ƙarfinta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar rama, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam, don haka ba za a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Duk da haka ba ta da wani amfanin da ya kai a yi kasada da ita, musamman ga wadda ta yi hawan jini ko jijjiga lokacin haihuwa. Kunun tsamiya, kunun gyaɗa da koko suna ba da ɗumi da ƙoshin da ake nema, ba tare da wannan haɗari ba.

Babbar matsalar kuwa tana zuwa ne ranar da aka yi arba'in. Tukunyar wanka ta sauka, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, naman suna ya ƙare, ita kuma ta koma ɗakinta. Malamar makaranta ta koma aji, mai ɗinki ta hau kekenta, mai sayar da abinci ta koma gindin murhu, ɗaliba ta ɗauki littafi. Dokar ƙwadago ta Najeriya makonni 12 ta ba mace hutun haihuwa. Jihohi irin su Legas da Kaduna sun mai da na ma'aikatansu watanni 6, amma yawancin mata sana'ar kansu suke yi, ba mai ba su hutu. A daidai wannan lokaci ne jariri ya fi tsotso, kuma za a ci gaba da shayarwa har wajen shekara 2. Kulawa ta tsaya a kwana 40, buƙata kuwa ta miƙe. Abincin da zai yi wa irin wannan mace amfani dole ya kasance mai gina jiki, mai saurin haɗawa, wanda kuma aljihun gidan zai iya ɗauka kullum.

Abin da ya kamata ya shiga kwano

Tuwo da shinkafa da taliya ba su da laifi, su ne ke ba da ƙarfin zirga-zirga. Laifin yana ga malmala uku da miya cokali biyu. Gyaran da ake so shi ne miya ta yi yawa ta yi kauri, a samu ganye a cikinta, a kuma samu ɗaya daga cikin wake, kifi, ƙwai, nama ko awara a kowane ci. Hatsin da ba a surfe shi fes ba ya fi amfani, domin a dusar nan sinadarai suke, kuma ita ce ke sauƙaƙa bayan gida, abin da duk wadda aka yi wa ɗinki ko take fama da basir ta san darajarsa. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. Acca, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna da sassan Bauchi, tana dahuwa cikin 'yan mintoci, don haka ta dace da mai hanzari.

Faten tsaki misali ne na abincin da ya haɗa komai a tukunya ɗaya. A soya albasa da tumatir da ɗan attaruhu, a tsaida ruwa, a zuba waken da ya kwana a jiƙe, in ya yi laushi a kawo tsakin masara ko acca da dakakkiyar gyaɗa, a marmasa busasshen kifi a ciki. Alayyahu da yakuwa su ne na ƙarshe, ana zuba su minti 3 zuwa 5 kafin a sauke, suna nan kore shar. Ganyen da aka bari ya yi ta tafasa har ya koma ruwan ƙasa ya riga ya rasa yawancin bitamin C ɗinsa, haka ma wanda aka jefa wa kanwa don ya yi laushi. Kanwar da ake sa wa wake ita ma tana lalata bitamin B1. Jiƙa waken tun dare yana rage lokacin dahuwa, ya rage gawayi, ya kuma rage kumburin ciki.

Sauran girke-girken gida da suka cancanci a riƙa juya su a mako sun haɗa da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, miyar zogale, kwaɗon rama ko zogale da ƙuli-ƙuli, dambu mai ganye, alale da ƙwai a ciki, ɗanwake, da shinkafa da wake da salak. Miyar kuka, da ake yi wa kallon miyar talaka, tana da kalsiyam mai yawa, haka riɗi da ƙananan busassun kifin da ake ci da ƙayarsu. Manja, karas, kabewa da dankalin Hausa mai jan ciki suna ba da bitamin A, kuma jiki ya fi tsotsarsa idan akwai ɗan mai a abincin. Kifi sau 2 a mako, ko tarwaɗa ko ƙarfasa ko na ƙanƙara ko sadin na gwangwani, yana kawo irin kitsen da ƙwaƙwalwa da idon jariri ke ginuwa da shi.

Maganar jini ta cancanci a tsaya a kanta. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, wato mace da yawa tana shiga ɗakin haihuwa da giɓi, ta fito da wanda ya fi shi. Sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, iri biyu ne. Na hanta da jan nama da kifi jiki yana karɓarsa cikin sauƙi. Hanta sau ɗaya a mako ta wadatar. Na wake da ganye da gero yana da wuyar shiga, sai an taimaka masa da abu mai bitamin C a ci ɗaya: a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir a kan ɗanwake, a ci gwaba ko lemon zaƙi bayan an sauke cokali. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana ɗaure sinadarin ya hana shi shiga jini, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu daga abinci. Lemon malt da ake haɗawa da madarar gwangwani a kai wa mai jego da sunan ƙarin jini, sukari ne ya fi yawa a cikinsa. Kuɗinsa zai sayi hanta ko ƙwai. A wuraren da ƙarancin jini ya yawaita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa a awo har makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma ya kasance mai aidin. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, don haka wadda ta jefa huɗu a miya ta kuma barbaɗa gishiri ta yi biyu. Daddawa, albasa, tafarnuwa da garin busasshen kifi suna rage buƙatarsa.

Mai ƙarancin lokaci tana cin riba idan ta yi aikin mako a rana ɗaya. Markaɗen tumatir da tattasai da aka soya ya ƙafe ruwansa, aka adana a wuri mai sanyi, yana zama tushen miya kala-kala. Akwai kuma garin kunun nan da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown: awo 6 na hatsi, kamar gero da dawa da masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Yana ajiyuwa a roba mai murfi, kuma cikin minti 10 ya zama kunu mai riƙe ciki. Kafin a soya gyaɗa da masara a tsince masu funfuna da masu ɗaci a zubar, domin dafin aflatoksin da ke cikinsu wuta ba ta kashe shi, kuma yana iya ratsawa cikin nono.

Haɗin blanda

Abin sha mai kauri da ake markaɗawa da 'ya'yan itace da madara ya samu karɓuwa a birane, kuma ya dace da mai goyo saboda dalili mai sauƙi: ana shan sa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jariri. Hotunan da ke yawo a intanet sukan nuna shi da 'ya'yan itacen Turai da madarar almon, har mace ta ɗauka abin na masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Fura da nono ma irinsa ce, kuma ta fi yawancin na hoton gina jiki, tun da ta haɗa gero da madara.

Haɗi mai kyau yana da ƙafa uku: abu mai furotin, kamar kindirmo, madara, madarar waken suya ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ɗan itace ɗaya ko biyu, sai abin da zai riƙe ciki, kamar fura, dafaffiyar acca ko fiya. Idan babu ƙafar farko, ruwan zaƙi kawai aka sha, kuma kafin awa ɗaya yunwa ta dawo.

Ga na safe, wanda ba ya cin minti 5. A zuba kofi ɗaya na kindirmo a blanda, a ɓare ayaba ɗaya a kakkarya, a sa cokali ɗaya babba na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da dabino 3 da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa tun dare don kada su gagari wuƙar injin. A ƙara rabin kofin ruwa, a kunna har ya yi sumul. Wannan kofi ya doshi kalori 400, da furotin wajen giram 13, da kalsiyam kusan miligiram 300, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so a rana. Mai son zogale ta sa rabin ƙaramin cokali na garinsa. In ya wuce haka, ɗaci da warin ganye suna danne komai, ga shi yana iya saki ciki.

Lokacin mangwaro, daga Maris zuwa Mayu, a maye gurbin ayaba da shi. Gwanda kuwa kusan duk shekara ana samu, tana kuma taimaka wa mai taurin bayan gida. Garin 'ya'yan kuka, wanda yara suka sani a kwalba da nono, cokali ɗaya yana ba haɗin ɗan tsami mai daɗi da bitamin C mai yawa. Gwaba ta ninka lemon zaƙi bitamin C kusan sau 4, sai dai a tace 'ya'yanta. Fura ma in aka markaɗa ta da nono da ayaba ko dabino, ba ta buƙatar sukari ko kaɗan.

Kunun aya da dabino da kwakwa yana da farin jini a wajen masu shayarwa. Yana da daɗi, yana ba da kuzari, amma furotin ɗinsa kaɗan ne, don haka a haɗa shi da ƙwai ko ƙosai ko awara. Yana kuma saurin lalacewa: a zafin bazara 'yan awoyi sun isa ya yi tsami ya fara kumfa. Kankana da gurji su ma na kashe ƙishirwa ne, ba sa zama karin kumallo.

Kada a tace haɗin sai dole. Tuƙar da ake zubarwa ita ce ke rage gudun shigar sukari cikin jini, ita ce kuma ke gyara hanji. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha bai kamata ya wuce giram 50 a rana ba, kimanin ƙananan cokula 12, alhali kwalbar lemo ɗaya takan cinye fiye da rabin wannan. Wadda aka gano tana da ciwon sukari lokacin ciki ta rage dabino da zuma, ta kuma sake gwaji bayan haihuwa. Zuma ba ta da illa ga uwa, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba.

Tsabta a nan ba abin wasa ba ce, domin abin ba ya hawa wuta. Madarar shanu a tafasa ta kafin a kwantar da kindirmo. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin bakkale. A wanke 'ya'yan itace da ruwa mai kyau kafin a fere, a kwance gindin blanda a wanke robar da ke ƙarƙashin wuƙa, inda dauɗa ke maƙalewa. A sha nan take, ko a zuba a fulas mai riƙe sanyi in za a tafi da shi wurin aiki. Ranar da babu wuta, ayaba da gwanda da fiya suna murƙushewa da bayan ludayi a ƙwarya, a dama da kindirmo kamar yadda ake dama fura. Tsofaffin da ke hana mai jego abu mai sanyi ba sai an yi musu da su ba: sanyin abin sha ba ya ɓata nono, amma haɗin bai rasa komai ba in an sha shi babu ƙanƙara.

Ruwa, shayi da masu kawo nono

Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, abin da ya sa jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya buƙatar a ba shi ruwa ko a tsakiyar bazara. Uwa ce za ta sha. Kusan lita 3 a rana, haɗe da kunu da romo da fura, ya ishi yawancin mata, a ƙara in ana zufa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye gorar ruwa a inda ake zama shayarwa. Fitsari mai duhu alamar ƙarancin ruwa ce. Shan fiye da ƙima kuma ba ya ƙara nono.

Shayi, kofi da goro duka suna da sinadarin kafeyin, kuma kaɗan daga ciki yana shiga nono. Kofi 2 a rana ba ya damun yawancin jarirai. In yaro ya cika firgita da rashin barci, a rage a gani.

Hulba, zogale, kunun gyaɗa da dabino duk ana ce musu masu kawo ruwan nono. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje kan zogale, musamman a Filifin, da suka nuna ɗan ƙari, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Abin da aka tabbatar shi ne nono yana ƙaruwa gwargwadon yadda ake cire shi: sa jariri a mama sau 8 zuwa 12 a yini da dare a makonnin farko, da kama mama daidai, da tatsa in uwa za ta yi nisa. Haɗe-haɗen da ake tallatawa a kwalba babu bayanin abin da ke ciki, na ƙiba ne ko na rage tumbi ko na nono, mai shayarwa ta nisance su.

Motsa jiki kuwa ba ya rage nono, ba ya ɓata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta shawarci mata bayan haihuwa su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da ɗan sauri minti 30 sau 5, a fara a hankali. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita, yawanci bayan makonni 6. Ayaba ko dabino kafin a fita, haɗin kindirmo bayan an dawo, sun wadatar. Mai son rage ƙiba kada ta wuce rabin kilo a mako, kuma ta fara da rage lemon kwalba da soye-soye, ba da tsallake abinci ba.

Akwai abin da tukunya ba ta magani. Kumburin ƙafa ko fuska, haki daga ɗan aiki kaɗan, kasa kwanciya sai a jingine, ciwon kai mai tsanani, bugun zuciya, jiri ko jinin da ya ƙi tsayawa, duka na asibiti ne a ranar da aka gan su. Ko babu ɗaya daga ciki, jariri yana da rigakafi a mako na 6 da haihuwa, kuma uwa ce ke kai shi. A wannan zuwan ta nemi a auna hawan jininta, a kuma gwada yawan jinin jikinta kafin ta bar asibitin.